Kakarmu 11 ta haifa, mu 4 muka sani

Jikar_Manomi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne yake ta cina tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu sauƙi.

Na je gaida Goggo, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na tafi da littafi da biro don in rubuta sunayen dangi, saboda yarana sun fara tambayata wane ne wane, ni kuma da na wuce kan kakana sai in tsaya. Tun tasowata abin da na sani kakarmu 'ya'ya 4 ta haifa: babanmu, Goggo, da yayyensu maza biyu da suka rasu da furfurarsu. Ina cikin jerowa sai Goggo ta ce, "Wa ya ce miki huɗu? Goma sha ɗaya ta haifa." Bakwai sun koma tun suna ƙanana, a can ƙauyen da kakanmu ya sari daji ya kafa gona, lokacin gidajen wurin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wasu kafin a haifi Goggo, wasu tana da wayonta.

Shekara 19 na yi da wannan kakar tawa a gida ɗaya. A bayanta nake kwana. Labarin aurenta, labarin fari, labarin kurar da ta ɗauke musu akuya, babu wanda ban ji ba. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce min ta binne ɗa ba.

Da na gaya wa maigidana sai ya ce ai mutanen da sun saba, mutuwar yaro a wurinsu ba kamar yadda muke jin ta yanzu ba ce. Maganar ta tsaya min a rai. Gaskiya ne? Sannan Goggo ta faɗi sunan 4 daga cikin 7 ɗin, sai ta ce ta gaji. In koma in ƙara tambayarta, ko in ƙyale tsohuwa ta huta?

Abu_Sadik
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu. Maigidanki bai yi ƙarya ba, 'yar uwa. Abin da ya zama ruwan dare ba ya girgiza mutum kamar abin da ya zo sau ɗaya. Matar da duk maƙwabtanta sun binne uku, huɗu, ba za ta ɗauki nata a matsayin ita kaɗai aka zaɓa ba. Kuma da safe gona na jira, wa zai bar ciyawa ta cinye shuka ya zauna kuka? Sun fi mu tawakkali, wannan ba musu.

Maman_Tagwaye
Malam Abu_Sadik, don Allah ka taɓa binne ɗa? Ni na binne ɗaya, bana shekara 14. Kullum ina dariya, ina zuwa biki, ina sana'ata. 'Ya'yana na baya ba su san sunansa ba sai bara. In jikata ta zo nan gaba ta ce ai Kaka ba ta ji zafi ba tunda ba ta magana, ta cuce ni. Wanda bai iya ambaton abu ba, shi ne abin ya fi ci.

Abu_Sadik
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ya sa mai ceto ne. Ban ce babu zafi ba. Cewa na yi nauyin ya rarrabu, kowa na ɗauke da irinsa.

Mai_Garma
Ni dattijo ne a nan, na haura 70, kuma da fartanya aka raine ni. Bari in gaya muku yadda sabon wuri yake cin yara, tunda ta ce kakanta shi ya sari dajin.

Wanda ya kafa gona a sabon daji, shekarun farko ba noma yake ba, faɗa yake da kututture. Ƙasar na da ƙarfi, amma abin da hannunsa zai iya sharewa kaɗan ne, ga tsuntsu, ga biri, ga namun daji suna raba amfanin da shi. Rijiya ba a riga an haƙa ba, ruwan tafki ake sha, wanda dabba ma take shiga. Abin da ya fi duka muni, babu maƙwabcin da ke da tsohon rumbu. A tsohon gari in shekara ta ƙi ka, akwai wanda zai ranta maka iri. A sabon wuri kowa talaka ne a rana ɗaya.

Sannan ki tambayi Goggonki a wane lokaci na shekara suka rasu. Zan yi mamaki in ba tsakiyar damina ba ce mafi yawansu. Lokacin ne abin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, lokacin ne sauro ya fi yawa, lokacin ne uwa take gona tun safe, jariri yana hannun yarinya 'yar shekara 6. Yunwa, zazzaɓi da aiki duk a wata ɗaya suke haɗuwa. Mahaifiyata 9 ta haifa, mu 5 muka tashi, kuma ukun da na sani da wayona duk shuka na tsaye kore shar aka kai su.

Dalibin_Tarihi
Baba Mai_Garma ya gama magana kan dalili. Ni bari in kawo lissafi, don Jikar_Manomi ta san gidansu ba wani abu ne ya same shi daban ba. Masu binciken yawan jama'a da suka duba al'ummomin da, daga Turai zuwa Asiya, abin da suke samu kusan iri ɗaya ne: wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jarirai ba sa cika shekara, kuma kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kaiwa balaga. Har gidajen sarakuna. Ko a 1990, a duniya baki ɗaya yara 93 cikin 1,000 suke rasuwa kafin shekara 5. Zuwa 2022 ya sauko 37. Mu ne baƙi a tarihi, ba su ba.

Batun ko suna jin zafi kuwa, malaman tarihi sun yi irin wannan musun namu. Philippe Ariès na Faransa a 1960, da Lawrence Stone na Ingila a 1977, sun karkata ga cewa iyayen da ba sa sakin zuciyarsu ga yaro ƙarami saboda ba su da tabbas zai rayu. Sai Linda Pollock ta zo a 1983, ta bi ɗaruruwan littattafan sirri da iyaye suka rubuta da hannunsu tun ƙarni na 16, ta tarar da kwana ba barci a kan yaro mara lafiya, da baƙin cikin da ba shi da bambanci da namu. Yawancin masana yanzu suna bayanta.

Malam_Na_Gefe
Ba sai mun je nesa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk 'ya'yansa sun riga shi rasuwa in ban da Nana Faɗima. A zamanin da mutuwar yara take da yawa ƙwarai. Amma da ɗansa Ibrahim yake cikin magagin mutuwa, idanunsa suka zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. To ka ga tawakkali bai kore zafi ba, bakin mutum kawai yake tsarewa. Wataƙila abin da kakarki ta yi ke nan shekara da shekaru.

Kwakwazo99
Ni dai shawarata ki bar tone-tone. Kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Wani abokina ya tashi neman asali, ya ƙare da gano gonar da suke taƙama da ita jingina ce kakansu ya riƙe bai mayar ba. Yanzu ba sa ga maciji da 'ya'yan baffansa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ummu_Hanifa
Kwakwazo kai kullum sai ka kawo naka. Sunan jarirai take nema, ba takardar gona ba.

Nas_Mai_Aikin_Dare
Yaya Jikar_Manomi, ni ta ɓangaren aikina zan zo miki. Ki koma, amma ba suna kaɗai za ki tambaya ba. Ki tambayi kowane yaro yana da kwana nawa ko shekara nawa, kuma yaya ciwon ya yi. Tsofaffi ba su san sunan cuta ba, amma suna riƙe da kamanninta tsaf.

Jaririn da aka haifa lafiya, ya kama nono, sai tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya daina tsotso, jikinsa ya sandare yana ƙanƙamewa, wannan tetanos ne, daga abin da aka yanke cibiya da shi ko abin da aka shafa mata. Yara biyu ko uku a gida ɗaya cikin mako biyu, da zazzaɓi da ƙuraje da jan ido, ƙyanda ce, kuma rigakafinta sai 1963 aka samu. Wanda ya tafi bayan yaye da gudawa da kumburin ƙafa, ruwa ne da ƙarancin abinci.

Amma akwai guda biyu da suka shafe ki ke da yaranki yau. In yaran suna yawan kumburin hannu da ƙafa, ido ya yi ɗorawa, suna kukan ciwon ƙashi, ki yi tunanin sikila. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. In kuma na fari ya rayu, na baya suna zuwa a mace ko su yi shawara mai tsanani a kwanakin farko, yana iya zama rashin jituwar jinin uwa da na jariri, wanda yanzu allura ce ake yi wa uwa. Tarihin gida ba labari ba ne kawai, a asibiti ma shi muke fara tambaya.

Baban_Yara3
Gaskiya ne Nas. Ƙyanda ta yi ɓarna kafin a kawar da ita daga duniya a 1980. Kakana duk fuskarsa zanen ta ne.

Nas_Mai_Aikin_Dare
A'a Baban_Yara3, ka haɗa biyu. Agana ce aka kawar, ita ce mai barin ramuka a fuska, kuma tana kashe wajen 3 cikin 10 na waɗanda mai tsananin ta kama. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta ta hanyar yaɗuwarta cikin jama'a a Somaliya yake, 1977, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewarta a 1980. Ƙyanda tana nan da ranta, har gobe tana kashe yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Don Allah kar wani ya karanta ya ce an gama da ita.

Baban_Yara3
Na gode da gyara. Agana nake nufi.

Jikar_Manomi
Na gode ƙwarai, ina karanta kowa. Maman_Tagwaye, maganarki ta sa ni hawaye, Allah ya haɗa ku a Aljanna. Wata matsalar kuma, Goggo ba ta san shekara ko ɗaya ba. Ko nata shekarun ba ta sani ba. Komai sai ta ce "shekarar da aka yi kaza". Ta yaya zan sa wannan a takarda?

Mai_Duban_Sama
Ai wannan "shekarar da aka yi kaza" ita ce kalandarki, kar ki raina ta. Rubuta ta yadda ta faɗa, daga baya ki nemo lambarta. Abubuwan sama sun fi sauƙi, domin ana lissafa su daidai har da awa. Tauraro mai wutsiya na Halley ya bayyana a 1910, ya dawo 1986. Kusufin rana na 30 ga Yuni 1973 ya ratsa Muritaniya, Mali, Nijar, Chadi har Kenya, a wani wurin duhu ya wuce minti 7. Kai, Malam_Na_Gefe ya ambaci Ibrahim ɗan Manzon Allah. Ranar da ya rasu an yi kusufin rana, kuma masana taurari sun lissafa an yi wani da ake gani daga Madina a Janairun 632. Ka ga yadda sama take riƙe wa mutane kwanan wata.

Daga nan sai ki yi tsani. In ta ce an haifi wane shekara biyu bayan kusufi, wance kuma tana goye lokacin, kin samu biyu. Tazarar haihuwa a wurin matan da suke shayarwa sosai tana kaiwa shekara 2 zuwa 3, da ita za ki cike gurbi. In kika ga tazarar ta yi gajere ƙwarai, sau da yawa na gaban ne ya rasu yana jariri. In ta yi tsawo da yawa, ki tambaya, wataƙila akwai wanda ba a faɗa ba a tsakani.

Dalibin_Tarihi
Ƙari a kan na Mai_Duban_Sama, masifu ma kalanda ne. In tsoho ya ce zamanin kakansa shanu suka ƙare ƙaf, yawanci annobar shanun da ta shigo ta tashar Massawa a Eritiriya a 1887 yake nufi, da shanun da sojan Italiya suka kawo. Cikin shekara 10 ta kai ƙarshen Afirka ta Kudu, a wurare da yawa ta kashe 9 cikin 10. A Habasha, inda da shanu ake huɗa, yunwa ta biyo baya daga 1888 zuwa 1892. Sai 2011 aka yi shelar kawar da cutar. In aka ce murar da ta kwashe majiya ƙarfi ta bar tsofaffi da yara, ta 1918 ce, wadda jiragen ruwa suka yaɗa a ƙarshen yaƙin duniya na farko, ta kashe mutane wajen miliyan 50. Yankin Sahel kuma akwai yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1984.

Amma a yi hattara. Jan Vansina, masanin tarihin baka ɗan Beljiyam, ya nuna yadda baki yake naɗe zamani: mutane suna riƙe na kusa da kyau, suna riƙe wanda ya kafa gari, na tsakiya sai ya zube. Yunwa biyu sai su koma ɗaya. Kakanni uku masu suna ɗaya sai su zama mutum ɗaya.

Kuma a nan amsar tambayarki ta farko take, a ganina. Salsala tana riƙe wanda ya bar baya ne. Ana ambaton mutum don wani yana cewa ni jikan wane ne, ko don gona ta biyo ta kansa. Yaron da ya rasu yana shekara 2 ba shi da jika, ba shi da gado, babu abin da zai sa a kira sunansa a taro. Uwarsa kaɗai ke ɗauke da shi, sai 'yar uwar da ta goya shi. In suka tafi, ya tafi. Ba rashin so ba ne ya ɓatar da su bakwai ɗin, rashin wanda zai gaje su ne.

Ummu_Hanifa
Haka mata ma. Ina iya jero kakannina maza har 6. Ta wajen mata, daga kakar babata na tsaya, ita ma laƙabinta na sani ba sunan yanka ba.

Na_Ketare
Ina zaune a tsakiyar ƙasar Amurka, yankin manoma. Wannan zancen ya tuna min abin da nake gani in na fita gari. Za ka yi tafiya mai nisa ba gida ko ɗaya, sai masara, sai ka ga ɗan shinge da kaburbura 30 ko 40. Garin da ya binne su ya watse. Mutanen sun zo ne bayan dokar 1862 da ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara 5. Na tsaya a wata na karanta duwatsun. Gida ɗaya, yara 4, tsakanin na farko da na ƙarshe bai kai wata ɗaya ba. Wani dattijo a wurin ya ce min irin wannan yawanci mashaƙo ne. A kan na yara sukan sassaƙa ɗan rago. Mutumin da bai gama biyan bashin iri ba ya sayi dutse ya sa a sassaƙa masa rago, ka ce bai ji zafi ba?

Abu_Sadik
To ai ka ga su sun rubuta. Mu ne ba mu da komai.

Dalibin_Tarihi
Sun rubuta, amma takarda ma tana mutuwa. A Ingila tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta wankan baftisma, aure da binnewa, shi ya sa suke iya komawa baya haka. Amma a Ailan, gobarar 1922 a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851, wato ainihin mutanen da yunwar dankali ta 1845 ta faɗa wa. Wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka bar ƙasar, kuma jikokinsu da yawa yau suna nema kamar yadda Jikar_Manomi take nema. Amurka ma ƙidayarta ta 1890 gobara ta lalata a 1921.

Mai_Garma
Tunda an zo kan yunwa, bari in faɗi abin da matasa ba su sani ba. Ba ranar da ruwa ya ɗauke ake mutuwa ba. Da farko a rage ci. Sai a sayar da akuya, lokacin kowa na sayarwa, ba ta da daraja. Sai kayan ɗakin mace. Sai maza su tafi neman aiki. Ranar da aka buɗe irin shuka aka ci, ranar gida ya karye, don ko ruwa ya dawo ba abin da za a sa a ƙasa. Daga nan sai gona ta tafi, a hannun wanda ya ba ka hatsin wata biyu. Iyalai da yawa da suke birni yau, in ka bi sawu, ba sha'awar birni ce ta kawo kakansu ba.

Lissafi_Dalla
Baba, abin da ka faɗa shi ne Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1998, kusan. Yana yaro ya ga yunwar yankin Bangal na Indiya ta 1943, wadda ta kashe mutane miliyan 2 zuwa 3. Ya nuna sau da yawa abinci yana nan a kasuwa, ikon sayensa ne ya kuɓuce wa leburan gona da masunta. A Ailan ma ana yunwar ana fitar da hatsi da dabbobi ta jiragen ruwa.

Mai_Garma
To ni ba a ba ni kyauta ba, ɗana. Gani na yi.

Kwakwazo99
Baba ka ci Nobel ɗin gidan nan. Amma ni har yanzu ina kan bakata. Ku bar Goggo ta huta. Ta ce ta gaji, me kuke so ta ce? Fama mata tsohon miki za ku yi don ku cika littafi.

Maman_Tagwaye
A nan kam Kwakwazo yana da gaskiya rabi. Kar ki je mata da biro kamar mai ƙidaya. Ki je ki kwana biyu, ki taya ta aiki, ki bar zancen ya zo da kansa. Ki fara da mai daɗi: wa ya fi ƙiriniya, wa ya yi kama da wa. Ni ranar da 'yata ta tambaye ni "Mama, yaya kamanninsa?" ban ji ciwo ba, sanyi na ji. Shekara 13 ba wanda ya tambaye ni wannan. Kowa haƙuri yake ba ni, ba wanda ya ce ba ni labarinsa.

Sabon_Shiga
Me zai hana ki yi gwajin ƙwayoyin halitta kawai? Yanzu ana tura yawu a gaya maka asalinka.

Lissafi_Dalla
Gwajin zai nuna mata yankin da jininta ya fi kama da na mutanensa, da wasu dangi in su ma sun yi. Ba zai ba ta sunan yaro ko ɗaya ba. Kuma ka tuna iyaye 2, kakanni 4, na gaba 8, in ka koma hawa 10 gurbi 1,024 ne. Layin uba zalla da layin uwa zalla da ake yawan tallatawa, mutum biyu ne kawai a cikinsu.

Dalibin_Tarihi
Na dawo da abu ɗaya saboda Abu_Sadik, don na ga bai sauka ba. A Turkiyya akwai kufai mai suna Catalhoyuk, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan manoma da aka tono, shekara wajen 9,000. Ba su da rubutu. Matattunsu a ƙarƙashin daɓen ɗaki suke binnewa, suna kwana a kai. Jarirai da yara suna da yawa a ciki, wasu an sa su a kwando, wasu da duwatsun ado a jikinsu. Ban san me uwar take ji ba, amma wani ya zauna ya huda dutse ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Abu_Sadik
Na ji, kuma ban musa ba. Amma ku ma ku yarda da wannan: kakata ta binne 5 ta rayu shekara 90 tana raha. Matata ɓari ɗaya ta yi, shekara guda ba ta dawo daidai ba. Akwai abin da suke da shi da mu muka rasa, ko jama'a ce, ko imani, ko rashin zaɓi. Ban ce sun fi mu taurin zuciya ba.

Ummu_Hanifa
Ko kuma ita ma ta yi shekarar tata ba ta dawo daidai ba, kai dai ba a haife ka ba lokacin.

Jikar_Manomi
Salam. Na dawo, kwana 3 na yi a wurin Goggo. Na bi shawarar Maman_Tagwaye, ban fito da littafi ba. Na nemi izininta na kunna rikoda a waya na ajiye gefe, ta ce in dai ba a rediyo za a sa ta ba.

Dare na biyu ita ta ɗauko zancen da kanta. Baba Mai_Garma, 5 cikin 7 da damina ne. Nas, biyu ƙyanda ce, kwana 9 tsakaninsu, kuma ɗayar Goggo ce take goyonta, ita ma ta kwanta tare da su ta tashi. Ta ce har yau in ta ga yarinya da goyon ƙanwarta sai gabanta ya faɗi. Ɗaya bai yi mako biyu ba, yadda ta kwatanta irin sandarewar da kika faɗa ce. Babu mai alamar sikila, amma duk da haka zan kai yarana gwaji.

Abin da ban zata ba: ta ce duk shekara in an gama girbi, kakarmu takan ɓace rabin yini, ta ce ta tafi itace, ta dawo ba itacen kirki. Sai da Goggo ta girma ta bi ta a baya, ta gan ta zaune a gindin wata bishiya can ƙarshen tsohuwar gonar. Ba ta yi mata magana ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta san an gan ta ba.

Yanzu ina da suna 6. Na bakwai Goggo ta ce namiji ne, shi ne na biyu a haihuwa, kafin ita da nisa, kuma ba ta taɓa jin an kira sunansa ba. Gonar an sayar tun ina firamare, ta ce ba ta san ko bishiyar na nan ba.

Malam_Na_Gefe
Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya sa sun zama masu ceton iyayensu. Na bakwai ki rubuta shi a gurbinsa, ɗan wane da wance, na biyu. Ya isa.

Mai_Duban_Sama
Ki tura rikodin ɗin wuri biyu ko uku yau ɗin nan, kar ki bar shi a waya kaɗai. Kuma akwai wata tsohuwa a dangin kakarki, ko 'yar ƙanwarta ko matar ɗan uwanta? Sau da yawa sunan da ya ɓace a ɗakin uba yana nan a dangin uwa.

Jikar_Manomi
Akwai wata Inna, 'yar yayar kakarmu, an ce tana raye amma kunnenta ya yi nauyi. Ban taɓa ganinta ba. Ina neman lambar jikanta.

Kwakwazo99
In kin je ki ɗaga murya. Kuma don Allah kar ki tambayi zancen gona.